Sunan Azahara: Zahra'u Ce Da Ta Yi Zaman Andalus

"Assalamu alaikum Malam. Ina da juna biyu, an yi sikanin an ce mace ce. Maigidana ya yi karatu na shekara biyu a Sifaniya, a can ya ji sunan Azahara a wurin wata malamarsu, tun daga nan ya ƙwallafa rai sai ya sa wa 'yarsa. Hajiyarsa kuwa ta ce ita ba ta taɓa jin an raɗa wa yaro sunan sallar Azahar ba, kuma ba za a kawo mata sunan Turawa gida ba. Ni ga ni a tsakiya. Don Allah mene ne ma'anar sunan, daga ina ya fito, kuma sananne ne a can ko dai shi kaɗai ya tsinto abinsa?"

Wata mai karatu daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za a haifa. Abu uku kika tambaya: ma'ana, asali, da ko sunan yana da masu shi a can. Bari in fara kwantar wa Hajiya da hankali ta gefe ɗaya. Azahara ba shi da wata alaƙa da sallar Azahar, kuma tushensa ba na Turawa ba ne. Kalmar Larabci ce da ta daɗe a bakin mutanen Sifaniya har ta ɗauki kamanninsu, kuma idan aka tuɓe mata rigar can, Zahra'u za a tarar, sunan da ba na shakkar akwai mai shi a danginku ko a maƙwabta. Sai dai akwai wani abu da maigida bai ambata ba, Hajiya ma ba ta hango shi ba, kuma ni shi ya fi tsaya mini a rai: yadda masu sunan suke furta shi da bakinsu. Zan zo kansa, amma sai mun bi ta tushe tukuna.

Zaira, ba zadi ba

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san baƙaƙen da a bakinmu suke fita iri ɗaya alhali a rubuce daban suke. Azahar ɗinmu ta salla daga az-zuhr take, da zadi (ظ), ha kuri da ra. Zahra'u kuwa da zaira (ز) take farawa, sannan ha kuri da ra. Bahaushe ya haɗe zadi da zaira ya mai da su z guda, shi ya sa Hajiya ta ji sunan ta tuna da salla, kuma duk wanda ya taso da Hausa haka zai ji. Akwai ma ruɗani na uku da nake yawan gani a shafukan intanet masu jera ma'anonin sunaye, inda za a ce wai Azahara na nufin hamada don ya yi kama da Sahara. Wannan kuskure ne. Sahara daga sahra'u take, da sadi (ص) da ha ƙarami (ح), gida ne daban gaba ɗaya.

Tushen zaira, ha kuri, ra a Larabci yana ɗauke da ma'anoni biyu masu riƙe da hannun juna: haske da fure. Zahra, da gajeren wasali a ƙarshe, fure ne. Ita ce kalmar da ta zo a Suratu Ɗaha, aya ta 131, inda aka ambaci ƙawar rayuwar duniya. Zahra'u mai dogon ƙarshe kuwa siffa ce ta mace, namijinta Azhar, ma'anarta mai haske, mai ƙyalli, farar fuska mai annuri. Ita ce laƙabin Nana Faɗima 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Surorin Baƙara da Ali Imrana ana kiransu Zahrawani, wato masu haske biyu. Tauraruwar nan mai tsananin haske da Larabawa ke kira Zuhura, mu kuma muke cewa Zara matar wata, ita ma 'yar gidan ce.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda mu da mutanen Sifaniya muka raba kalma ɗaya. Cikakkiyar kalmar a Larabcin littafi ita ce az-Zahra'u. Mu Hausawa, da yake daga bakin malamai da littafi muka karɓi sunaye, sai muka riƙe wutsiyar, wato wasalin u na ƙarshe, kamar yadda muka yi a Asma'u da Hauwa'u da Safara'u, muka yar da az- na farko. Su kuwa daga bakin mutanen gari suka ji ta, inda ba a furta wasalin ƙarshe, sai suka riƙe kan suka yar da wutsiyar. Saboda h da r ba sa zama kusa da juna cikin sauƙi a harshensu, aka sami wasalin a a tsakani: Az-zah-ra ta koma A-za-ha-ra. Mu ma fa muna yin haka, ai kin sha jin tsofaffi suna kiran Zahara'u.

Wannan ɗabi'a ta haɗiye al- ɗin Larabci tare da kalma, mun yi tarayya da su a kanta ƙwarai. Muna cewa alƙalami, albasa, aljihu, attajiri, arziki, asuba. Su kuma suna da azúcar na sukari, aceite na mai daga az-zait, almohada na matashin kai, arroz na shinkafa. Wanda ya fi sa ɗalibaina dariya a aji shi ne alcalde, wato magajin gari, wanda shi ne alƙalinmu ba tare da wani bambancin tushe ba. Masana harshen sun ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asali da Larabci sun kai wajen 4,000. Ba abin mamaki ba ne ga ƙasar da Musulmi suka shiga a 711, suka kira yankin da suka mulka Andalus, kuma daularsu ta ƙarshe, Garnaɗa, ba ta faɗi ba sai a 1492.

Daga cikin kalmomin nan akwai azahar, rubutunta daidai da na sallarmu harafi da harafi, amma a Sifaniyanci farin furen lemo take nufi. Duk wanda ya ratsa Ƙurɗuba ko Ishbiliya, birane biyu a kudancin Sifaniya, a watan Maris zuwa Afrilu ya san ƙamshin nan, don itatuwan lemo ne jere a bakin tituna, har harabar tsohon babban masallacin Ƙurɗuba sunanta farfajiyar itatuwan lemo. Amare kan yi ado da furen, ana kuma tatsar ruwansa mai ƙamshi a zuba a wani burodi mai zaƙi da suke ci ranar 6 ga Janairu. Gaɓar teku ta yankin Kasteyon ma Costa del Azahar ake ce mata. Don haka idan kika tambayi Basifaniya mai suna Azahara ma'anar sunanta, akasari abin da za ta fara ce miki shi ne furen lemo. Ba ta yi kuskure ba, tunda tushen ɗaya ne, amma siffar sunan mai a a ƙarshe wani wuri take nunawa.

Birnin da bai cika shekara tamanin ba

Kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, wadda su suke kira Kordoba, akwai kufan wani birni a gindin tsauni. Larabawa sun kira shi Madinatuz Zahra'i, mutanen Sifaniya kuma Medina Azahara. Abdurrahman na Uku, wanda ake wa laƙabi da An-Nasir, daga zuriyar Umayyawa, shi ya gina shi. A shekarar 929 ya ɗaga kansa daga sarki zuwa halifa, abin da kakanninsa a Andalus ba su yi ba, kuma littattafan tarihi na Larabci sun sa fara ginin a 936. Faɗin wurin ya kai hekta 112, an tsara shi hawa-hawa a jikin tudu: fada a sama, lambuna da ofisoshin mulki a tsakiya, gidajen jama'a da kasuwa a ƙasa. Bayan rasuwarsa a 961 ɗansa Al-Hakam na Biyu ya ci gaba da ginin har 976. Daga nan sai abin ya fara sukurkucewa. Wazirin da ya ƙwace ragamar mulki, Al-Mansur, ya gina nasa birnin a gabashin Ƙurɗuba ya mai da harkokin mulki can, sannan yaƙin basasa ya ɓarke, aka wawashe Zahra aka ƙona ta tsakanin 1010 da 1013. Halifancin kansa ya ƙare a 1031.

Shekaru ɗaruruwa mutane suna zuwa suna kwasar duwatsun suna gine-ginensu, ƙasa ta rufe sauran, har aka manta ainihin abin da wurin yake. Sai a 1911 aka fara tono shi, kuma har yau ɗan kaɗan ne daga cikinsa aka buɗe, wajen kashi ɗaya cikin goma. A 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Na taɓa zuwa wurin sau ɗaya, da rana tsaka a lokacin zafi, ina ta neman inuwa. Mai yi mana jagora ta ba mu labarin da ake ba kowane baƙo: wai halifa yana da wata kuyanga da yake matuƙar so mai suna Zahra, don ita ya gina birnin ya sa masa sunanta, har da ta yi kewar dusar ƙanƙara ta tsaunukan garinsu sai ya sa aka dasa itatuwa masu farin fure a duk jikin tsaunin don su yi mata kama da ita. Labari ne mai daɗi, kuma ba jiya aka ƙirƙire shi ba, domin batun kuyangar yana cikin littafin Al-Maƙƙari, wanda ya rayu a ƙarni na 17. Amma tsakanin Al-Maƙƙari da ginin birnin akwai kusan shekara ɗari bakwai, kuma zancen dasa itatuwa a madadin ƙanƙara ana ba da shi a kan wani sarkin daban, Al-Mu'utamid na Ishbiliya, da matarsa. Labarin da ke yawo daga wannan sarki zuwa wancan, tatsuniya ce ke neman masauki.

Masana tarihi na yanzu sun fi karkata ga siyasa, kuma ni ma nan na tsaya. A 909 Faɗimawa, masu danganta kansu da Nana Faɗimatuz Zahra'u, sun kafa halifancinsu a arewacin Afirka, ƙetaren teku kaɗan daga Andalus. Su ne manyan abokan hamayyar Abdurrahman, kuma shelar halifancinsa ta 929 amsa ce gare su. Halifa sai da birnin halifa, kamar yadda Abbasiyawa suka gina Bagadaza da Samarra. Kiran birnin mai haske, da kalmar da abokan gaba ke alfahari da ita, ya fi kama da shiga gonar kishiya fiye da kyautar masoyi. Su ma Faɗimawan da suka gina Alƙahira a 969, masallacin da suka kafa a cikinta shi ne Azhar da 'ya'yanmu ke zuwa karatu har yau. Kin ga ke nan Azhar da Azahara wa da ƙanwa ne.

Idan Hajiya mai son ilimi ce, akwai abin da za a gaya mata da zai fi duk wannan tasiri. Andalus ba baƙuwar zaurukan malamanmu ba ce. Su ma 'yan mazhabar Malikiyya ne. Mai Tafsirin Ƙurɗubi ɗan wannan Ƙurɗubar ne. Alfazazi mai Ishiriniya da ake rerawa a garuruwanmu a can aka haife shi. Ibn Malik mai Alfiyyar nahawu ɗan Jayyan ne, wadda yau ake kira Hayen, ba nisa daga nan. Shahararren likitan fiɗa Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013, kuma Turawa suka yi ƙarnoni suna karanta littafinsa a fassarar Latin, daga sunan wannan birni aka ciro nisbarsa.

Yaushe ya zama sunan 'ya mace?

Mutane da yawa suna zaton sunan ya gangaro ne daga kaka zuwa jika tun zamanin Musulmi. Ba haka aka yi ba, igiyar ta tsinke tsawon ƙarnoni. Bayan faɗuwar Garnaɗa an tilasta wa Musulmin da suka rage karɓar Kiristanci a farkon ƙarni na 16. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya fitar da dokar da ta haramta musu harshen Larabci da tufafinsu da sunayensu, abin da ya jawo tawayen tsaunukan Alfuharras daga 1568 zuwa 1571. Tsakanin 1609 da 1614 aka kore su daga ƙasar baki ɗaya. Daga nan suna a Sifaniya ya zama abin da coci ke bayarwa ranar baftisma, kuma daga sunayen waliyyansu ake zaɓa. A zamanin Janar Franko, wanda ya yi mulki daga 1939 har mutuwarsa a 1975, dokar rajistar haihuwa ta ƙara ƙuntata abin, sai da harshen gwamnati ake rubuta sunan ɗan ƙasa. A 1977 aka sassauta.

Wannan sassauci ya zo daidai lokacin da yankunan Sifaniya kowanne ke neman abin da zai nuna shi daban ne. Mutanen Bask da na Kataloniya suka koma ga harsunansu suka tono sunaye. Mutanen kudu, yankin Andalusiya, ba su da wani harshe na daban, abin da suke da shi shi ne tarihin Andalus: masallacin Ƙurɗuba, fadar Alhambara, da kufan Zahra. Sun yi ƙuri'ar neman cin gashin kai ranar 28 ga Fabrairun 1980, suka samu a 1981. A Ƙurɗuba ma an kafa wata ƙungiyar mawaƙan zamani a 1979 da ta ɗauki sunan Medina Azahara, ta yi tashe sosai, sunan ya riƙa fita a rediyo. A wannan iska ce iyaye, galibinsu Kiristoci ko waɗanda addini bai dame su ba, suka fara sa wa 'ya'yansu mata Azahara da wasu sunaye masu ƙamshin Larabci. Abin da suke nufi shi ne "mu 'yan kudu ne", ba "mu Musulmi ne" ba.

To sananne ne? A Andalusiya, musamman Ƙurɗuba da kewayenta, ba wanda zai ɗaga gira idan ya ji shi. A sauran Sifaniya an san shi amma bai cikin na sahun gaba irin su Mariya da Lusiya da Karmen, kuma duk wanda ya ji shi zai yi zaton mai shi 'yar kudu ce. A iya hulɗata da mutanen can ban taɓa haɗuwa da tsohuwa mai wannan suna ba, duk waɗanda na sani haihuwar shekarun 1980 ne zuwa sama, abin da ya yi daidai da tarihin da na ba ki. Wadda ta fi fitar da sunan waje ita ce 'yar wasan golf Azahara Muñoz, haifaffiyar 1987, wadda ta zama gwarzuwar sababbin shiga a gasar mata ta Amurka a 2010. A ƙasashen Latin Amurka sunan ƙalilan ne. A Amurka, inda hukumar inshorar jama'a ke fitar da jerin sunayen jarirai dubu mafiya yawa duk shekara, Azahara ba ya ciki, alhali Zara yana ciki. Don haka maigida bai ƙirƙiro ba, sunan gaske ne mai masu shi, amma na wani yanki ne da wani zamani.

Kada kuma kamannin ya ruɗe ku da shagon tufafin nan Zara. Kamfanin Sifaniya ne, an buɗe shi a 1975 a can arewa maso yamma, amma sunansa bai fito daga wannan tushe ba.

Wani abin lura: kasancewar suna na da asali da Larabci a Sifaniya ba ya nuna addinin mai shi. Almudena daga al-mudaina take, ƙaramin birni, amma laƙabin Maryamu ne a matsayin majiɓinciyar Madrid a wurin Katolika. Fátima a can galibi saboda wani gari ne a Fotugal inda Katolika suka yi imani Maryamu ta bayyana a 1917. Azahara ya bambanta da waɗannan, don shi ba ya jingine da wani waliyyi ko wurin ibada na coci. Birni ne da fure.

Abin da kunnen Bahaushe zai ji

Ga inda na ce zan dawo. A Sifaniyanci ba a furta harafin h ko kaɗan. Masu kallon ƙwallo sun san Hernández a bakin masu shi Ernandes ne. Harafin z kuma ba z ɗinmu ba ne. A tsakiya da arewacin ƙasar ana fitar da shi da harshe tsakanin haƙora, kamar ث na Larabci. A cikin birnin Ƙurɗuba da wurare da yawa na kudu, da duk Latin Amurka, s ne zalla. Yanzu ki cire h, ki mai da z ta zama s, ki faɗi sunan da ƙarfi: A-sa-a-ra, ana ɗan jan wasalin tsakiya.

Asara.

Ranar da na fara jin wata uwa tana ƙwala wa 'yarta kira da wannan suna a bakin titi sai da na waiga. Ko da furucin arewa aka bi, ba a tsira ba, domin mu ث ɗin Larabci s muke mai da shi, shi ya sa muke cewa Usman da Sani. Ina zaton maigida ya fi ganin sunan a rubuce, ko kuwa kunnensa ya riga ya koma na can har bai lura ba. Ki sa shi ya faɗa miki yadda malamar tasu take faɗin sunanta da bakinta, ki saurara.

A gida Najeriya ba wanda zai furta shi haka, kowa zai karanta yadda aka rubuta, da z da h a fili. To a nan kuma sai a faɗa hannun Hajiya. Mu mutane ne masu sa suna da lokaci: Laraba, Talatu, Jummai, Asabe, Ladi, Azumi. Yarinya mai suna Azahara za ta yi rayuwarta ana tambayarta ko da azahar aka haife ta, kuma 'yan ajinsu ba za su rasa tambayarta ina La'asar da Magariba ba. Wannan ba aibi ba ne, lokacin salla ba abin kunya ba ne, amma ba ita ce ma'anar da uban yake nufi ba. Idan kuma Allah ya kai ta Sifaniya wata rana, inda sunan yake da gida, a can ne za a riƙa kiranta da kalmar da a harshen uwarta ba a fata.

Ina ba wannan nauyi ne saboda abin da na gani a aikina. Mutane kan zo mini da suna a rubuce a waya suna tambayar ma'ana, ni kuma nakan ce su ajiye wayar su kira sunan sau uku kamar suna kiran yaro daga tsakar gida. Suna a kunne yake rayuwa, kaka za ta faɗe shi, malamin Islamiyya zai faɗe shi, yaran unguwa za su lanƙwasa shi yadda suka ga dama. Hukuncin shari'a a kan wannan ba fagena ba ne, ni harshe na karanta, sai a tuntuɓi malamin da zai yi huɗubar suna. Abin da kowa ya sani dai shi ne ana son suna mai kyakkyawar ma'ana, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wata mai suna Asiya da sadi, wato mai saɓo, ya mai da ita Jamila. Ma'anar Azahara a tushenta kyakkyawa ce ba tare da wata tantama ba. Sautinsa ne yake da ƙura.

Hanyoyin da nake gani a gabanku ba su da yawa. Kuna iya sa shi yadda yake, ku furta shi da Hausa, ku shirya yin bayani duk lokacin da aka tambaya. Akwai iyayen da ba su damu da wannan ba, har suna jin daɗin a tambaye su. Idan haka kuka zaɓa, ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, domin suna irin wannan shi ne wanda wani magatakarda zai rubuta Azahra, wani Azzahara, wani ya ga kamar kuskure ne ya gyara muku shi zuwa Zahra, sai ranar neman fasfo ko rajistar jarrabawa a tarar takardu ba su yi daidai da juna ba. Kuna iya kuma komawa ga siffar Larabci, Azzahra, wadda ta riƙe az- ɗin da maigida ke so, ba ta kuma yi kama da lokacin salla sosai ba tunda babu wasalin tsakiya.

Da ni aka ba zaɓi, da al'adarmu zan yi amfani, domin ta riga ta tanadi mafita. Muna da sunan yanka, muna da sunan da ake kira. Gidaje nawa ne aka raɗa Faɗima ake kiran Zahra ko Batula ko Binta, aka raɗa A'isha ake kiran Humaira? A yanka rago da Faɗimatuz Zahra'u, ko Zahra'u kawai, shi ne zai hau takarda. Uba kuma ya kira 'yarsa Azahara a cikin gidansa, ba mai hana shi, kuma bai yi ƙarya ba tunda sunanta ne da lafazin wata ƙasa. Idan laƙabin ya kama bakin mutane, ya zauna. Idan yarinyar ta girma ta ga ba ta so, ta ajiye shi ba tare da zuwa kotu yin rantsuwar sauya suna ba.

Game da Hajiya, shawarata kada ke ki kai mata wannan bayani. Ɗanta ne ya kawo sunan, shi ya kamata ya je ya zauna a gabanta ya ce mata sunan Nana Faɗima ne yake so, yadda mutanen garin mai Ishiriniya suke rubuta shi. Batun asara kuwa ku bar shi tsakaninku ku biyu, don in ya shiga kunnenta, ko a laƙabi ba za ta bari a kira shi ba.